Zolpidem ya sa ni barci, amma na sallama shi

Tun rasuwar Innarmu barci ya ƙaurace wa idona. Ga sanyin Jos na Disamba, kowa ya duƙunƙune cikin bargo, ni kuwa ido biyu har a kira assalatu. Da na fara rikita canjin mutane a shagona na Taminus, sai na je asibiti. Likita ta rubuta min maganin barci, zolpidem 5mg, na sati biyu. Ta ce da wannan adadin ake fara wa mata, don ya fi daɗewa a jikinmu. In sha sai na hau gado, ina da awa bakwai zuwa takwas a gabana, kuma kada in haɗa shi da tiramol ko maganin tari mai kodin.

Daren farko ko rabin awa ban kai ba na tafi. Da safe har hawaye na yi don daɗi, na yi ta yaba shi a kasuwa.

A dare na shida ne na sha, na zauna a falo ina danna waya. Da safe Baban Ummi ya ce, "Maman Ummi, me kika dafa ƙarfe ɗayan dare?" Na ce wane girki? Ya kai ni kicin. Tukunyar miyar kuka ta ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika gidan. Ashe a tsaye ya same ni, ido buɗe, ina cin tuwo, gas na ci, yana magana ina amsawa. Wallahi ban tuna komai ba. Ga ɗakin yara jikin kicin ɗin. Da bai farka ba fa?

Abin da ke ƙona min rai shi ne kemis ɗin da na saya. Ya yanko min ƙwayoyin ya zuba a 'yar leda, ba kwali, ba takardar bayanin nan ta ciki, alhali a cikinta aka rubuta wannan matsalar. A Amurka tun 2019 aka sa wa maganin gargaɗi mai tsanani kan tafiya, girki da tuƙi cikin barci.

Likita ta ce, "Hajiya, daga yau kin daina. Wanda ya taɓa yi wa haka ba ya ƙara sha." Yanzu ba shayi ba goro bayan la'asar, waya kuma a falo take kwana. Awa biyar nake samu, wani lokacin ƙasa da haka. Maƙwabciyata ta roƙi ragowar ƙwayoyin, na hana ta, na mayar wa likita.