WhatsApp ko rediyo? Amsa ga 'yar'uwarmu mai shagon turare a Unguwar Rogo

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, 'yar'uwarmu tana da shagon turaren wuta da humra a Unguwar Rogo da ke Jos, kusan duk cinikinta ta Instagram yake shigowa, sai aka yi mata kutse, shafin ya tafi da mabiyan da ta yi shekaru tana tarawa. Tana tambaya, da 'yan kuɗin da suka rage mata, ta tattara ta koma WhatsApp ne ko ta kai talla gidan rediyo?

Kafin komai, ki sani WhatsApp da Instagram da Facebook duk na kamfani ɗaya ne, Meta. Ranar 4 ga Oktoba 2021 su ukun suka ɗauke lokaci guda kusan awa shida, wanda ke da shafi a dukkansu da wanda ke da ɗaya tal duk zaman jira suka yi. A shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga watan Yuni 2021 har Janairun 2022, wata bakwai cur. Kayan aro ba ya rufe katara. Don haka ma'aunin da na ɗora WhatsApp da rediyo a kai shi ne: idan abin ya tsaya gobe, me zai rage a hannunki?

A nan WhatsApp ya yi wa rediyo nisa, ya yi wa Instagram ma. Mai bin shafinki a Instagram suna ne kawai da hoto, shafin na tafiya kin rasa ta. Wadda kuwa ta yi miki magana a WhatsApp ta bar miki lambarta, lambar nan kuma taki ce muddin kin fitar da ita daga cikin waya. Ki sayi littafi mai kauri, ki rubuta suna, lamba, unguwa, da abin da ta saya. Ranar da aka sace waya ko aka rufe miki lamba, kina iya kiransu ɗaya bayan ɗaya ko ki tura musu tes. Na nace a kan littafin nan ne domin na ga mutane da yawa suna raina shi, sai bayan asara su riƙa cewa da na sani.

Amma kada a ruɗe ki, WhatsApp ba ya kawo baƙo. Abin da kika ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wadda ta adana lambarki kika adana tata za ta gani. Saƙon bai-ɗaya, wato wanda kike tura wa jerin mutane lokaci guda, shi ma haka, mutum 256 jeri guda yake ɗauka, kuma wadda ba ta adana ki ba ba zai je mata ba. Ke nan tsofaffin kwastomomi yake riƙe miki, ba ya neman sababbi. Ki sauke WhatsApp Business don ki jera kayanki da hoto da farashi, ki huta da amsa "nawa ne" sau hamsin a rana. Ki sa masa lambar sirri ta tsaro mai ƙwaya shida, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobin da aka turo miki ta tes, ɓarawo ne, ko da ya ce daga wani zauren mata yake.

Rediyo kuwa akasin haka ne. Baƙi yake kawowa, waɗanda ba za su taɓa ganinki a waya ba: uwargida tana girki da rediyo a gefe, dattijuwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, mai keke da zai ji ya gaya wa matarsa. Muryarki za ta kai Gangare da Rikkos da Bukuru ba tare da kowa ya sayi data ba. Sai dai yana cin kuɗi, kuma duk faɗa ɗaya da farashinta. Talla sau ɗaya ko biyu zubar da kuɗi ne, domin kunne sai an maimaita masa. In za ki je, ko Unity FM ne ko gidan jiha na PRTVC, ki nemi a sa ki cikin shirin Hausa da mata ke saurare, kada ki karɓi lokacin da aka ce ya fi araha alhali kowa na barci. Sannan kwatancen shagonki ya zama gajere, wanda za a haddace a ji ɗaya, da lambar waya guda kacal. Ranar da kuɗin suka ƙare, tallar ta ƙare, ba abin da zai rage sai waɗanda suka zo kika rubuta a littafi.

Da ni ce ke, rediyo zan ajiye shi sai saura mako biyu ko uku Sallah, lokacin da mutane suka riga suka yi niyyar saye.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, wanda a ganina ya fi su duka dacewa da hajarki. Turare hanci ne ke sayensa, waya ba ta ƙamshi, rediyo ma haka. Ki ɗura ƙananan kwalabe, ki manna wa kowace takarda mai sunan shago da lambarki, ki kai wa mai kitso, mai lalle, mai gyaran jikin amare da telan mata na unguwarku. Duk amaryar da za a yi, sai ta bi ta hannun ɗaya daga cikinsu, kuma da ita da ƙawayenta awa da awanni suke yi a zaune. Ki yi yarjejeniya da su a fili, duk wadda ta turo miki mai saye tana da wani abu, ki kuma biya a kan lokaci, don rashin cika alkawari shi ke kashe irin wannan hulɗa. Masu buga takardun mannawa ba sa wuyar samu a cikin gari, ki sa a buga miki har na leda.

Google Maps kyauta ne, ki sa shagonki. Ya fi amfanar mai gyaran waya ko mai abinci, amma kuna kusa da Jami'ar Jos, ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da taswira suke neman wuri.

Instagram ɗin ma ki buɗe sabo, hoton kwalabe masu kyau yana jan ido. Sai dai duk wadda ta yi miki magana a can, ki ce ta turo lambarta kafin a ci gaba da ciniki. Duk baƙuwar da ta shigo shago kuma ki tambaye ta, "Hajiya, a ina kika ji mu?" ki rubuta amsar a gefen sunanta. Bayan wata biyu ki duba littafin, ki ƙara kuɗi a hanyar da ta fi kawo miki mutane.