Bee-Bot a ajin 'yan firamare: ku ji wannan kafin ku fidda kuɗinku

Malamai da iyayen da suke ta tambayata kan ɗan robot ɗin nan mai siffar kudan zuma da muke aiki da shi da 'yan aji ɗaya zuwa uku, to ga abinda na gani. Sunansa Bee-Bot, kamfanin TTS na Ingila ne ke yin shi, rawaya da baƙi, maɓallansa duk a gadon baya suke: gaba, baya, hagu, dama, dakatawa, gogewa, sai kore a tsakiya wanda in aka danna ya kama tafiya. Kowane taku santimita 15 ne cif, juyi kuma digiri 90. Tsohon samfurin yana riƙe umarni 40, sabon har 200, kuma da USB ake cajinsa. Ba ya buƙatar waya ko data, wannan kaɗai ya sa na so shi.

Abinda ya fi burge ni shine rashin tausayinsa wallahi. Abinda ka danna shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yaro zai ce malam ai robot ɗin ne ya ɓata, sai in ce to zo mu bi takun ɗaya bayan ɗaya, can sai ka ji ya ce au, ashe na tsallake juyi ɗaya, ya goge ya sake da kanshi ba tare da na buɗe baki ba, kuma wannan neman inda kuskure yake ɗin shine ainihin darasin. Su rarraba tafiyar taku-taku, su jera a tsari, su gwada, su gyara. Masu kodin, wato rubuta wa na'ura umarni, da manyan kwamfutoci ma abinda suke yi kenan.

Inda yara suka fi shan wuya hagu da dama ne. In robot ya juyo yana kallon yaro, hagunsa ta zama damar yaron, nan fa ake rikici, wasu har sai sun zagaya sun durƙusa a bayansa kafin su danna. Sannan juyi ba tafiya ba ne, a inda yake zai juya ya tsaya, su kuma sun ɗauka zai shiga gidan da ke gefe cikin gidajen da aka zana masa a ƙasa. Dabarar ma ba sabuwa bace, tun 1967 su Seymour Papert suka fito da yaren kwamfuta mai suna Logo, daga baya aka haɗa shi da wani ɗan robot da ake kira kunkuru mai bin umarnin yara a ƙasa, wannan kamar jikansa ne.

Sai dai fa ba shi da allo, yaro baya ganin abinda ya riga ya danna, in umarnin yayi yawa sai ya manta inda ya tsaya. Mu katin kwali muka yanka muka zana kibiyoyi, su fara jerawa a ƙasa tukuna. Kuma in ba a danna gogewa ba sabon umarni zai hau kan tsoho, ku koya musu wannan tun ranar farko. Tayoyinsa ƙanana ne, siminti mai ramuka ko tabarma ba nasa bane, yana son wuri mai santsi. Shimfiɗar da ake sayarwa tare da shi kuma ni ban ga dalilin saye ba, farin kwali da rula da alƙalamin maka sun isa, ku ja gidaje na santimita 15, ku zana kasuwa, masallaci, asibiti, ko haruffa da lambobi.

Kuɗi kam akwai tsada, kayan waje ne ga dala yadda take. Ajin da ke da yara tamanin robot ɗaya ba zai zagaya ba, don haka muke kasa su, wasu na kan robot wasu na tsakar makaranta an ja gidaje da alli, ɗaya ya zama robot sauran suna bashi umarni, dariya kamar me. 'Yan aji huɗu zuwa sama kuwa da wuri yake isarsu, su gara manhajojin koyon kodin ScratchJr ko Scratch, duka kyauta ne, ko ɗan'uwan Bee-Bot ɗin, Blue-Bot mai Bluetooth, in akwai tablet a makarantar.