Tsohuwar Mazda MX-5 a filin tsere: a ƙara mata kaya ko a sayar?

Hukuncina shi ne na riƙe ta, na ƙara mata kaya a ƙafafu da birki, amma na ƙi taɓa injin. Wanda yake sauri zai iya tsayawa a nan. Wanda kuma yake cikin irin wasiwasin da na sha fama da shi, yana kallon motarsa da safe yana kallon tallan wasu motoci da dare, to ga yadda lissafin ya kasance a wajena.

Motar ita ce Mazda MX-5 zubi na uku, wanda ake kira NC, da aka ƙera daga 2005 zuwa 2015. Tawa mai injin lita 2.0 ce, giya shida, ƙarfin doki 158, nauyinta kuma kilo 1,100 da 'yan kai. Kujeru biyu ne, inji a gaba, tayoyin baya ke ja. Tun da aka fara wannan mota a 1989 manufarta ɗaya ce, ta zama mara nauyi mai daɗin sarrafawa, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Wannan adadin yana da amfani ga mai zuwa filin tsere, domin shi ya sa kayan gyaranta suke ko'ina a Ingila, sababbi da na hannu, kuma da wuya ka shiga garejin da bakaniken bai taɓa kwance irinta ba.

Ga wanda bai san yadda abin yake a nan ba, ba gasa muke yi ba. Kana biyan kuɗin yini ne, ka zo da motarka da hular kwano, a tara ku da sassafe a karanta muku dokoki, sannan a buɗe muku fili ku yi ta zagaye har yamma. Ba a yarda da auna lokaci ba, ba a wuce mota a cikin kwana, kuma sai na gabanka ya ba ka hanya. Kafin ka shiga ma sai an kara na'ura a bakin salansa an auna ƙararta. Inshorar titi kuwa yawanci ba ruwanta da abin da ya same ka a ciki. A riƙe wannan na ƙarshen, zai dawo a lissafi.

Yadda motar ta fito daga kamfani, ta titi ce, kuma ba laifinta ba ne. Tana da laushi, in ka jefa ta kwana sai ta kwanta gefe ɗaya kafin ta yarda ta juya. A hanyoyin karkara wannan laushin daɗi ne. A fili kuwa abin da ya fara gazawa birki ne. Bayan 'yan zagaye masu zafi sai ka ji ƙafarka tana nitsewa fiye da ɗazu, ga wani ƙauri yana shigowa ta taga. Dalilin a fili yake: man birki na yau da kullum mai lambar DOT 4, mafi ƙarancin ma'aunin tafasarsa digiri 230 ne lokacin da yake sabo, kuma yana zuƙar danshi daga iska, kullum ma'aunin na raguwa. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, ita kuwa kumfa matsuwa take yi, shi ke nan ƙafa ta tafi ƙasa. Na zuba Motul RBF 600 wanda ke jure sama da digiri 300, na sa fad ɗin birki masu jure zafi, wato abin da ke damƙe faifan, na sauya bututun roba da masu saƙar ƙarfe. Faifan kuwa na bar na asali. Wannan ne gyara mafi araha a duk abin da na yi, kuma shi ya fi canza mini yinin, domin mutumin da bai yarda da birkinsa ba tun daga nesa yake sakin totur. Aibinsa kaɗan ne amma akwai: da sanyin safiya a cikin gari suna ƙugi kamar tsohuwar ƙofa, rim ɗin gaba kuma kullum baƙi ƙirin da ƙura.

Sai taya da saiti. A nan ne na ga abin da idona. Bayan wani yini na durƙusa na shafa tayar gaba ta hagu, gefen waje ya narke ya dunƙule, ya yi shuɗi-shuɗi, alhali gefen ciki zanensa na nan kamar ba a hau ba. Ma'anarsa motar tana kwanciya a kan kafaɗar taya, rabin robar da ka biya kuɗinta ne kawai ke aiki. Maganin ba sabuwar mota ba ne, alaimen ne a wajen wanda ya san aikin. NC tana da kirki a nan, domin ana iya saita karkatar tayoyinta gaba da baya da kusoshin da ta zo da su. Aka karkatar da saman tayoyin ciki kusan digiri biyu, na sa Yokohama AD08R a girman asali, 205/45 R17. Ban je ga masu santsi irin Toyo R888R ba, saboda ruwan saman ƙasar nan ba ya sallama, kuma da wannan motar nake komawa gida. Wani abin da ba ya cin ko sisi shi ne auna iska da zarar ka fito tayar na da zafi, domin iskar tana hawa sosai, in ba ka rage ba sai ka ji bayan motar yana yawo.

Shokozoba da sifirin su ne suka ci kuɗi. Na sa irin waɗanda ake saita tsayi da tauri. Gargaɗina ɗaya, kada a saukar da motar har ƙasa don ado, kada kuma a murɗa taurin har ƙarshe. Na ga masu yin haka, gyaran gangar Auzinawa, motar ta koma tsalle a kan kowane tudu. Bayan kujeru kuma na sa ƙarfen kariya na gaske. A mota mai buɗaɗɗen rufi wannan ba abin ciniki ba ne. Ana gwada shi da sanda: a ɗora daga saman gilashin gaba zuwa saman ƙarfen, kai kana zaune da hular kwano, in hular ta taɓa sandar to da sauran aiki, sai a saukar da kujera.

Da wannan kaya, a Cadwell Park da ke Lincolnshire motar ba ta jin kunyar kowa. Filin kusan kilomita uku da rabi ne, siriri, ga hawa ga gangara, ga itatuwa kusa da kwalta. Daga kwanar Coppice ka haura zuwa ta Charlies, can ka gangaro ta Gooseneck inda dole motar ta sauya gefe da sauri, sannan ka hau tudun da suke kira Mountain inda babura ke tashi sama, ka shiga Hall Bends a ƙarƙashin inuwa. A irin wannan wuri nauyi ne abokin gaba. Sau da yawa motar da ta ninka tawa ƙarfi takan tsere mini a miƙaƙƙiyar hanya, kafin a gama kwanoni uku sai ga ni a madubinta, mai ita ya kunna sigina ya matsa. Haka abin yake a gangaren Craner na Donington Park, inda abin da ake buƙata shi ne motar da za ta zauna daram ka bar ƙafarka a kan totur.

Amma a je Snetterton ko Silverstone, labari ya sha bamban. A dogayen hanyoyinsu sai ka danne totur har ƙasa ka zauna kana jira, kana kallon madubi kana ba mutane hanya. A nan ne shaiɗanin turbo ke zuwa maka, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi. Akwai kamfanin BBR a Brackley, kusa da Silverstone, da ya daɗe yana ƙara wa MX-5 ƙarfi, kuma da turbo injin NC yana haura doki 250. Na zauna a gefen wani mai irinta, kuma ba zan ɓoye ba, da daɗi. Abin da ya hana ni shi ne jerin da ke biyo baya. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, sai babban lagireto da na'urar sanyaya baƙin mai. Sai kuloci. Gudun da kake isa kwana da shi ya ƙaru, birkin da ya ishe ka jiya yau ya gaza, tayar baya ta fara ƙarewa da wuri. Salansa ta canza, ga kuma filaye irin Bedford da ba sa wasa da ma'aunin ƙara, za su iya mayar da kai gida tun kafin azahar. Kamfanin inshora dole ka gaya masa, shi ma ya ƙara nasa. In ka haɗa duka, kuɗin na iya wuce farashin motar kanta, kuma ranar sayarwa ba wanda zai biya ka rabinsa. Ga shi injin yana aiki a wajen iyakar da aka tsara masa, tsugune ba ta ƙare ba.

To in ƙarfi ake so, ashe sauya mota ya fi. Na gwada 'yan kaɗan. Ƙanwarta, ND, wadda ta fito a 2015, ta fi tawa rashin nauyi, kuma daga 2018 injin lita 2.0 ɗinta ya kai doki 181 yana juyawa har 7,500. Mota ce mai kyau, sai dai ita ma da laushinta take zuwa, duk gyaran da na lissafa a sama sai na sake shi daga farko, kuma doguwar halitta irina da hular kwano ba ta sakewa a cikinta. Toyota GT86 ta 2012 tana da rufin ƙarfe, ga kujerun baya da ake kwantarwa a loda tayoyi, doki 197. Sitiyarinta ya burge ni, amma ta fi tawa nauyi da kusan kilo ɗari, kuma injin yana ɗan yin sanyi a tsakiyar juyawarsa, don haka bambancin gudun bai kai kuɗin cikon da zan bayar ba. Porsche Cayman ta hannu kuwa farashin sayenta ba shi ne matsala ba, ciyar da ita ne: taya, faifan birki, da duk abin da ya lalace a injin da ke tsakiyar mota.

Wadda ta hana ni barci ita ce Lotus Elise. Ta farko ta 1996 kilo 725 ce kacal da doki 118, ƙashin da ke riƙe gangar jikinta alminiyam ne da aka manne da gam, kuma sitiyarinta babu wani taimako, duk abin da tayar gaba ta taka a tafin hannunka kake jinsa. Ta fi tawa a fili, wannan ba musu. Amma an daina ƙera ta a 2021, farashin na hannu bai sauko ba, kuma in ka bugi shinge aka taɓa wancan alminiyam ɗin, gyaransa ba na kowane gareji ba ne, wani lokaci ma a ce motar ta tashi aiki. A nan maganar inshora ta dawo. Akwai ta yini ɗaya ta musamman, amma tana da tsada, kuma kason da za ka biya daga aljihunka babba ne. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, in na bar motar nan a jikin shinge na hau jirgin ƙasa na koma gida, zan iya ci gaba da biyan haya? Da MX-5 zan iya, zuciya ce kawai za ta yi zafi. Da Elise ba zan iya ba, kuma wanda yake tuƙi da wannan tsoron a ransa ba zai taɓa kai motar iyakarta ba.

Kafin kowa ya kashe fam ɗaya a kan tsohuwar MX-5, a ɗaga ta sama a shiga ƙarƙashi da tocila. Gishirin da ake zubawa a tituna lokacin hunturu yana cin ƙarfe, kuma wuraren dubawa su ne ƙasan ƙofofi ta baya, bakin tayoyin baya, da ƙarafan da ke riƙe ƙafafu. In tsatsa ta huda nan, to ba maganar ƙarin kaya, sayarwa za a yi. Tawa ta tsira da ɗan goge-goge da fenti. A kuma riƙa duba baƙin mai kafin kowace shiga, domin a doguwar kwana man yana tafiya gefe ɗaya, in ya yi ƙasa injin ne zai biya.

Akwai kuma kayan da ba a ɗaura wa mota. Filaye da yawa suna da masu koyarwa da za ka biya su zauna a gefenka na ɗan lokaci, kuɗin bai kai na taya ɗaya ba. Wanda ya zauna da ni bai damu da abin da ke ƙarƙashin bonet ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne in ɗaga ido in kalli mafitar kwana, in kuma saki birki a hankali ina juyawa maimakon in cire ƙafa lokaci ɗaya. Da ya karɓi sitiyarin ya yi zagaye da motata, da tayata, da man da ke cikin tankina, sai na ji gudun da motar ke da shi wanda ni ban taɓa ciro shi ba.

Wanda filin da ya fi kusa da shi mai dogayen hanyoyi ne, kuma abin da ke faranta masa rai shi ne turin da ke manna bayansa da kujera, ya sayar kawai, MX-5 ba za ta taɓa ƙosar da shi ba ko da turbo. Haka wanda ya kai matakin da mai koyarwa ba ya iya fin sa gudu a motarsa. Ni ban kai nan ba. Kuɗin da na ware don ciko na mayar da su ga tayoyi na biyu da rim ɗinsu, da kujerar da za ta riƙe ni a kwana, ragowar kuma na biya kuɗin shiga filayen Cadwell da Anglesey na bazara mai zuwa.