Sigma 18-50 a dajin tseren taswira: gajere ne, amma yana aiki

Duk wanda ya ce zai ɗauki hoton wasanni, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya nemi dogon gilashin kyamara, irin 70-200 ɗin da ake gani a bakin filin ƙwallo. A tseren taswira wannan shawara ba ta cika ci ba. Ɗan tsere yana cikin daji ne, taswira a hannu, kamfas a babban yatsa, yana neman tutoci masu launin fari da ruwan lemo da aka kafa a bayan dutse ko cikin kwari. Tsakaninka da shi itatuwa ne fal. Dogon gilashi sai ya kwaso maka kututture da rassa, mutumin kuwa kafaɗarsa kawai za ka samu.

Abin da ya sa ke nan na ɗaura gilashin Sigma 18-50mm f/2.8, wanda ya fito a 2021, a kan kyamarar Sony a6400, nake bin ƙananan tsere da shi a nan Finlan. Nauyinsa giram 290 ne. Wanda bai taɓa ratsa fadama da duwatsu masu gansakuka da kyamara a wuya ba zai raina wannan magana.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen tuta. Nakan mayar da shi 18mm, inda ya fi kwaso faɗin wuri, in kwanta rubda ciki taku biyu ko uku daga tutar, ta gefen da taswira ta nuna masu gudu za su fita. Daga ƙasa haka, mai gudu yakan cika hoton, itatuwan kuma su miƙe a bayansa. Ya iso, ya danna katinsa na Emit, mai shaida ya iso wurin, a na'urar da ke wajen tutar, amma idonsa ba ya kan tutar ko kaɗan, ya riga ya koma kan taswirar da ya ninke, yatsa danne a inda yake. Taɓo har gwiwa, ƙuje a ƙwauri, baki buɗe. Hoton da nake nema ke nan: mutum yana lissafi yana haki. Gilashin yana fitar da shi tas, har layukan taswirar kana iya gani.

Sai dai kusanci yana da ladabinsa. A nemi izinin masu shirya tseren tukuna, a sa kaya masu duhu, a laɓe. In mai hoto ya tsaya ƙiƙam kusa da tuta, ya zama alama, ya sauƙaƙa wa wasu abin da wasu suka sha wuyar nema. Sauro kuwa, a watan Yuni, sai haƙuri.

Ƙarƙashin itatuwan nan da duhu ko da rana tsaka, don haka f/2.8, wato faɗin ƙofar shigar haske, da ba ya canzawa daga 18 har 50 ya biya kuɗinsa. Ina barin saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau 3200 in ya ga dama. Fokas ɗinsa da sauri, amma a kurmi gara ka ƙanƙance wurin da zai kama, in ba haka ba ganyen da ke gaba zai bi.

A Jukola aka ga iyakarsa. Tseren miƙa-miƙa ne na mutum bakwai-bakwai da ake yi tun 1949, ana tashi wajen ƙarfe 11 na dare, ƙungiyoyi sama da 1000, kowa da fitila a goshi. 'Yan kallo suna bayan shinge, kuma daga can 50mm bai kai ko'ina ba: za ka samu kogin fitilu, kyakkyawa, amma fuska babu. Ga shi gilashin ba shi da abin rage rawar hannu, a6400 ma haka. Da na rage sauri zuwa 1/30 ina bin masu gudu don bayansu ya ja zare, na zubar sun fi na ajiyewa yawa. Tseren mata na Venla, da ake yi da rana, ya fi masa sauƙi. Ruwan sama ma ban yarda in gwada shi ba, leda nake rufa masa.

In aikinka a layin ƙarshe ne, bayan shinge, sayi dogon kawai. Wannan na wanda zai shiga daji ya ɓata wandonsa ne.