Shagon da ya tayar mana da tsohuwar garayar Erard

In gaggawa kake yi, ko aljihunka ba nauyi, kada ka wahalar da kanka zuwa shagon nan. Wani dattijon Bature ne da yaronsa a gefen Landan, ba sa taɓa komai sai garayar Turawa, dogon abin kiɗan nan mai kusurwa uku da ake jinginawa a kafaɗa.

Tamu ƙirar tsohon kamfanin Erard ce mai tsirkiya 43, a gwanjo muka same ta saboda 'yata da ke koyon kaɗawa. Allon ƙirjinta ya tsage, wuya ya karkace, ƙwari sun cinye gindi. Kafin ya yi zancen kuɗi sai da ya duba lambar da ke jikin tagullar wuyan, don littattafan cinikin kamfanin na nan ajiye a Royal College of Music, wata babbar makarantar kiɗa ta Landan, kuma da lambar ake gano wanda ya fara sayen kowace garaya. Tun daga nan na san hannu na gari muka faɗa.

Aikin gaske yana cikin wuyan. A 1810 Sébastien Erard ya yi rajistar dabararsa a Landan: feda bakwai, kowace da mataki uku. Kana takawa sai sandar ƙarfen da ke cikin ginshiƙi ta juya wasu 'yan faya-fayai masu haƙora biyu, su matse tsirkiya, murya ta ɗaga. Har gobe a kan wannan ake ƙera garayar zamani. Dattijon ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya mayar, bai sauya ba sai wanda ya mutu murus.

Inda muka ja da shi a kan tsirkiya ne. Ni na so irin ta yanzu mai ƙarfin amo, shi kuwa ya kafe. Tsirkiyoyi 47 na garayar zamani suna jan allo da nauyin da ya kai kilo 900, siririn allon Erard kuwa ba don haka aka yi shi ba, ɓallewa zai yi. Ya ɗaura mata sirara na hanji, ya ɗan sassauta ɗaurin. Muryar da ta fito mai taushi ce, tar da ita, tana cika falo amma ba za ta yi gogayya da babbar ƙungiyar makaɗa ba. Ruwan zinarin da ya koɗe ma barinsa ya yi, wai shekarunta ne. Wannan kam har yanzu ban gamsu ba.

Aibinsu: ɗaga waya sai an yi sa'a, ranar da suka sa mana ta wuce da watanni, kuɗin gyara kuma ya zarce na saye. Ba sa kawowa gida, sai da muka yi hayar mota da ƙarti biyu. Duk da haka, badi can za mu mayar da ita a sake daidaita fedojin.