Kwalbar ƙwayoyi ko ƙwaryar nono? Amsa ga Hajiya kan garkuwar jiki lokacin sanyi

Hajiya ina wuni, ya gida ya yara, ya sanyi. Na ga tambayarki, kinka ce duk shekara da hunturu ya kama yaranki ba su rabuwa da mura da tari, kuma wata ta tallata maki ƙwayoyi kala biyu, ɗaya na gyaran ciki da ake ce ma furobayotik, ɗaya na ganyayyaki wai mai ƙara garkuwar jiki, shin ki saya ko ki tsaya ga su nono da zogale. Ni dai a ganina ki fara da abin da ke cikin kicin ɗinki, kwalba tana da ranarta amma ba ita ce a gaba ba.

Mai tallar ba ta yi ƙarya ba da tac ce ciki yana da alaƙa da garkuwar jiki. Babban kaso na ƙwayoyin garkuwar jikin mutum a bangon hanji suke, kuma cikin hanjin akwai ƙananan halittu masu amfani bila adadin da suke taimakawa wajen narkar da abinci, suna tare ma masu cutarwa wuri. To furobayotik ɗin nan ba komai ba ne illa irin waɗannan halittun masu rai, su Lactobacillus da Bifidobacterium, anka busar da su anka zuba a kafso. Dangin su ɗin dai su ne suke sa madara ta yi tsami ta zama kindirmo ko nono. Kin ga ashe abin da ake sayar maki a kwalba ɗan uwansa yana nan cikin ƙwaryar da ake kawowa ƙofar gida.

Inda kafso ya fi nono shi ne an san irin halittar da ke ciki da adadinta, an rubuta a jikin kwalba, nono kuwa na yau daban na gobe daban. Kuma akwai bincike mai ƙarfi cewa wasu daga cikinsu suna rage gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik. Wajen mura ma an ga ɗan sauƙi ga wasu, amma ba kowane iri ba. Sai dai fa Hajiya abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, ki yi tunanin kwalbar da ta yi wata da watanni a kan kanta cikin shago mai rufin kwano a Birnin Kebbi ko Jega, ta sha zafin bazara ba firij ba wuta, mi ya rage a ciki? Sannan galibinsu ba su zama a hanji dindindin, da kin daina sha bayan ɗan lokaci sun fita, ke nan kuɗi za ki yi ta zubawa duk wata, ga yara ba ɗaya ba ba biyu ba.

Nono shi matsalarsa tsabta ce, kuma wallahi wanga magana ta fi damuna. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan, ga masu ƙara ruwa don ya yi auki, ruwan kuma ba ki san daga ina anka ɗebo shi ba, sai a je neman lafiya a kwaso taifod. Shi ya sa na fi son ki haɗa naki. Ki samu madara ki tafasa sosai, ki sauke ta huce har sai kin sa yatsa kin ji ɗumi-ɗumi ba ƙuna, ki zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau ki juya, ki rufe, da yake sanyi ake sai ki naɗe robar da tsohon zani ki ajiye a ɗaki ta kwana, da safe za ki ga ta kama. Kar a sake ɗora shi a wuta, dahuwa tana kashe halittun, shi ya sa koko da kunun da anka dafa duk da tsaminsu ba su kai fura da nono ba ta wanga fannin.

Abin da masu talla ba su cika faɗi ba shi ne halittun nan suna bukatar abinci, abincinsu kuwa shi ne dusar hatsi da zaren ganye da jikinmu ba ya narkarwa. Ki sha kafso ki bi shi da farar shinkafa da taliya da lemun kwalba kullum, kamar ki sayo tumaki ne ki ɗaure ba harawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na wanga zaren a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba, wake, kuɓewa, miyar kuka, rama, goruba, duk suna da shi. Albasa ma tana cikin abin da halittun sunka fi so, mu kuwa da muke da Aliero ai ba mu da uzuri.

Sai ɗaya kwalbar ta ganyayyaki. Nan kam na fi ja baya. Yawancinsu in kin karanta za ki ga ko dai ganyen ƙasashen waje irin Echinacea, wanda binciken da anka yi a kansa bai nuna wani abin kirki ba wajen hana mura, ko kuma zogalenmu da citta da tafarnuwa ne anka niƙa anka ɗura a kafso anka ninka kuɗi. Ki duba lambar NAFDAC, in babu kar ki taɓa, in ma akwai ki sani a maganin gargajiya lambar ba shaida ba ce cewa yana yin duk aikin da anka lissafa, shi ya sa za ki ga sun rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa ya ba ki bitamin A da sinadarin ƙarfe da zare, ga ƙoshi, abin da kafso ɗaya ba zai ba ki ba. Bitamin C ma haka, babba yana bukatar kamar miligiram 75 zuwa 90 ne a rana, lemun zaƙi babba ɗaya ya kusa cika shi, gwaba ta ma fi lemu, ga garin 'ya'yan kuka. Wani babban nazari da anka tattara a 2013 ya nuna shan ƙwayar bitamin C kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, ɗan rage kwanakinta kawai yake yi.

Kuma don abu ganye ne ba shi ke nan ba ya illa ba. Mai shan maganin hawan jini ya yi hankali da yawan zoborodo don shi ma yana sauke jini, mai shan maganin tsinka jini kar ya dinga ɗirkar tafarnuwa da citta da yawa, mai ciki kuwa kar ta sha kowane kafso sai ta tambaya a wajen awo. Zuma tana lallashin tari da dare, amma yaron da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi ita ko kaɗan.

Wani abin kuma, shawarwarin nan da yawa an rubuta su ne don sanyin Turai inda rana take ɓacewa. Namu sanyin ƙura ce da bushewar iska, hanci ya tsattsage ya zama ƙofa ga cuta, a cunkusa ɗaki ɗaya a rufe taga, wasu har da kaskon gawayi a ciki wanda hayaƙinsa yana kisa. Ki dinga shafa masu ɗan man kaɗanya a bakin hanci, su sha ruwa ko ba su ji ƙishi ba, takunkumi ranar da hazo ya yi yawa, wanke hannu da sabulu. Don Allah kuma a bar sayen antibayotik irin su Ampiclox da Septrin a kemis saboda mura, ba su kashe ƙwayar mura, halittun cikin da muke ta lallaɓawa su suke sharewa.

In yaro ya gama shan antibayotik da likita ya rubuta cikinsa ya rikice, nan za ki iya tambayar likitan ko ya dace a ba shi furobayotik, a saya a babban kantin magani mai ajiya da kyau. Amma nono da kafso duk babu mai tsare sanƙarau, kuma daga hunturu zuwa bazara lokacinsa ne, ba mu manta yadda ya yi ɓarna a Zamfara a 2017 ba. Ki duba katin rigakafinsu ko ya cika. In kinka ga zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya ko amai, ko yaro yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa suna lotsawa, ki ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Allah ya ba yaran lafiya, ya raya mana su.