Gargaɗi ga masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa a Legas: kada ku biya kuɗin kan jirgin da ba ku buɗe ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa ba mu da yawa a Legas, shi ya sa ba zan rufe abin da ya same ni ba.

Ina da wani tsohon kan jirgi na kamfanin Athearn, sikelin HO, wato 1:87 na girman na gaske. Ina ji da shi ƙwarai, domin mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Ebute Metta, kuma da ƙarar kan jirgi na tashi. Na daɗe ina son mayar da shi tsarin DCC, wato tsarin da ake aika wa kowane kan jirgi umarninsa ta cikin layi, ya riƙa busa ƙaho, in kuma iya tuƙa jirage biyu a layi ɗaya. Da na zauna lissafi sai jikina ya yi sanyi. Dikoda, wato 'yar na'urar da ake sa wa kan jirgi don ya karɓi umarnin, mai sauti irin LokSound ta kamfanin ESU na Jamus tana kaiwa dala 100, ban da sifika, ban da kuɗin kawowa da na kwastan. Ga kuma aikin: injin waɗannan tsofaffin yana shan wuta ne ta jikin ƙarfen da yake zaune a kai, dole a raba su a naɗe da tef, in ba haka ba dikodar ta ƙone a kunnawar farko.

A wannan lissafin ne wani ɗan damfara yake kama mutane. Ya shigo zaurenmu na WhatsApp ya ce an kawo masa kayan gwanjo daga Amurka, akwai kan jirgi na dizal mai DCC da sauti, kuɗinsa bai kai na dikoda kaɗai ba. Ya turo bidiyo, jirgi na tafiya, sauti na tashi. Da na kira shi sai ya ce, "Alhaji, ai kai namu ne, me zai sa ka wahalar da kanka da gyaran tsoho?" Ya nemi rabi kafin alƙalami, sunan asusun ba nasa ba, wai na matarsa ne. Na tura. Bayan magariba ɗan aike ya iso Agege a babur yana ta sauri, na cika sauran a bakin ƙofa.

A jikin kwalin an rubuta "DCC Ready". Don Allah ku riƙe wannan. Ma'anarsa an tanadi gurbin da za a soka dikoda, ba wai tana ciki ba. Na kwance murfin, sai ga soket mai ƙafa 8 da ɗan toshi na banza a kai. Ba dikoda, ba sifika. Na ɗora shi a layi, na kira adireshi na 3, lambar da sabuwar dikoda ke amsawa, bai motsa ba, sai wani ƙugi kawai yake yi, injin na ɗumama. Na sauke shi da sauri. A wutar DC, wato tsohon tsari da ba ya buƙatar dikoda, ya tafi, amma yana ƙas-ƙas duk zagayen ƙafa, alamar giyar da ke juya ƙafar ta tsage. Tiransifomar da ya ba ni gyara kuwa ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, irin ta Amurka; tamu 230 ce, da na jona da ta tashi a aiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da na koma kan bidiyon. Kan jirgin na dizal ne, amma sautin na mai gawayi ne, har da fito. Ɗora shi aka yi. Ni ɗan ma'aikacin reluwe, zumuɗi ya hana ni ji.

Washegari lambarsa ba ta shiga. Na sanar da bankina, na kai ƙara wurin 'yan sanda, amma har yanzu shiru.

Ba gwanjo nake kushewa ba, sau da yawa ya fi gyara sauƙi. Amma kada ku ba da ko sisi sai kun ga jirgin yana tafiya a layinku. In mai kaya na nesa, ya kira ku ta bidiyo, ya cire murfin a gabanku, ya nuna dikoda da sifika. Mai na'urar DCC ya karanta CV8, wani gurbin bayani a cikin dikoda, nan lambar kamfanin da ya ƙera dikodar take. Ta ESU 151 ce. Ku kife shi ku duba ƙafafun, domin raɓar Legas ba ta barin ƙarfe.

Wani ɗan'uwa daga Idi-Araba ya ce an turo masa wannan bidiyon da wata lamba dabam. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi ya yi mini magana, mu haɗa rasit ɗinmu mu kai wa EFCC tare.